Yadda Ake Kafa Ƙaramin Gungun Kubernetes da K3s a Birnin Kebbi

Makaranta ko cibiyar kwamfuta ko ƙungiyar manoman shinkafa da ke riƙe da manhajojinta a kan kwamfuta guda ɗaya tana cikin haɗarin da kowa ya sani, domin ranar da faifan wannan kwamfuta ya lalace, shafin rajista da kundin sunayen mambobi duk za su tsaya tare. Kubernetes manhaja ce da aka gina don magance irin wannan matsala. Tana ɗaukar kwamfutoci da yawa ta mayar da su gungu ɗaya, ta rarraba musu manhajojin da aka ƙunshe a cikin kwantena, wato ƙunshin da ke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, kuma idan ɗaya ta mutu sai ta tayar da aikinta a kan wata. Kamfanin Google ne ya fitar da ita a 2014, sannan a 2015 ya miƙa ta ga gidauniyar CNCF da ke ƙarƙashin Linux Foundation, kuma lasisinta na Apache 2.0 ya ba kowa damar amfani da ita da gyara ta ba tare da biyan ko sisi ba. Sai dai yawancin littattafan koyar da ita an rubuta su ne bisa zaton cewa wuta ba ta ɗaukewa kuma intanet ba ya ƙarewa, alhali mai kafa ta a Birnin Kebbi ko Argungu ko Yauri dole ya fara lissafinsa daga waɗannan abubuwa biyu.

Saboda haka zaɓin da ya fi dacewa da mu shi ne K3s, wani sassauƙan nau'in Kubernetes da kamfanin Rancher Labs ya fitar a 2019, wanda aka tattara a cikin fayil guda da bai kai megabait 100 ba. A nemi ƙananan kwamfutoci uku, kowacce da ƙwaƙwalwar aiki ta aƙalla gigabait 4, ko da yake K3s na iya tashi da gigabait 2, kuma kowacce da faifan SSD. Kada a yi rowa a kan faifan. Kundin da gungun ke ajiye bayanansa, mai suna etcd, yana rubutu a kai a kai kuma ba ya jure jinkiri, don haka katin ajiya irin na waya ko tsohon faifai mai juyawa zai jawo matsalolin da za a yi ta neman tushensu a wani wuri dabam. Dalilin zaɓen uku kuwa shi ne etcd ba ya yanke hukunci sai da amincewar mafi rinjaye: idan ɗaya cikin uku ta faɗi, biyun da suka rage sun isa, amma idan ɗaya cikin biyu ta faɗi, gungun ya tsaya.

Kafin a taɓa wata manhaja, a gama da batun wuta. Kwamfutoci uku da aka jona a soket ɗaya ba su fi kwamfuta ɗaya tsaro ba, tamkar wanda ya raba hatsinsa a buhu uku ne ya zuba su a rumbu ɗaya mai yoyo. A sa su a kan inbata da batir, zai fi kyau da sola, kuma kada a manta da akwatin da ke haɗa kebul ɗinsu da rauta, domin idan shi ya mutu alhali kwamfutocin na aiki, kowacce za ta ɗauka sauran ne suka mutu. A shiga saitin BIOS na kowacce, wato saitin da ake buɗewa a daidai lokacin kunna kwamfuta, a zaɓi ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo, a kuma sauya ƙaramin batirin agogonta idan ya tsufa, saboda agogon da ya koma baya da shekaru yana sa a ƙi karɓar takardun shaidar da na'urorin ke gane juna da su. Ɗakin ma yana buƙatar iska, tun da zafin watan Maris da Afrilu a nan kan wuce digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Daga nan a saka babbar manhajar Linux, wato Ubuntu Server ko Debian, a kan dukkansu, a ba kowacce suna nata dabam da adireshin IP da ba ya canzawa. Idan akwai katangar tsaro (firewall), a buɗe ƙofar sadarwa (port) mai lamba 6443 da 10250, da 2379 zuwa 2380 don etcd, da kuma 8472 ta UDP.

Hanyar da aka saba saka K3s ita ce ta layi ɗaya da ke sauko da komai daga intanet, amma hakan na nufin sayen data sau uku don abu ɗaya, kuma idan sabis ya yanke a tsakiya sai a sake farawa. Abin da ya fi shi ne a je inda intanet ke da ƙarfi a sauke abubuwa uku a filash: fayil ɗin k3s daga shafin GitHub na aikin, da ƙunshin k3s-airgap-images na wannan siga ɗin, wanda ke ɗauke da kwantenonin da K3s ke buƙata don ta tashi ba tare da intanet ba, da rubutun sakawa na get.k3s.io wanda za a adana da sunan install.sh. A kowace kwamfuta a kwafa k3s zuwa /usr/local/bin a ba shi izinin gudana, a kuma ajiye ƙunshin a /var/lib/rancher/k3s/agent/images/. A kan ta farko sai a rubuta:

`INSTALL_K3S_SKIP_DOWNLOAD=true K3S_TOKEN=kalmar-sirri INSTALL_K3S_EXEC="server --cluster-init" ./install.sh`

A kan sauran biyun umarnin iri ɗaya ne da kalmar sirri iri ɗaya, sai dai a maye gurbin `--cluster-init` da `--server https://adireshin-ta-farko:6443`. Bayan 'yan mintuna umarnin `sudo k3s kubectl get nodes` zai nuna na'urori uku, kowacce da alamar Ready. Kalmar sirrin ta zama doguwa, kuma a rubuta ta a wuri amintacce wanda ba cikin gungun ba, domin sai da ita ake iya dawo da gungun daga ajiyar ko-ta-kwana.

Yanzu a gwada da ƙaramin aiki: `sudo k3s kubectl create deployment gwaji --image=nginx:1.27 --replicas=3`, wanda zai tayar da kwafi uku na manhajar nginx, sannan `sudo k3s kubectl get pods -o wide` don ganin inda kowane kwafi ya sauka. A lura cewa an rubuta lambar siga a gaban sunan. Wanda bai rubuta ta ba, ko ya rubuta latest, ya umarci Kubernetes da ta tuntuɓi intanet duk lokacin da za ta tayar da kwantenar, kuma a ranar da babu sabis kwantenar ba za ta tashi ba duk da cewa ƙunshinta na nan a kan faifai. Idan manhajojin sun fara yawa, a kafa ma'ajiyar ƙunshi ta cikin gida a nuna wa K3s ita ta fayil ɗin /etc/rancher/k3s/registries.yaml.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne a zare wayar wutar kwamfuta ɗaya da gangan, da rana tsaka, lokacin da babu wanda ke jiran aiki. Cikin minti guda ko makamancinsa za ta koma NotReady, amma Kubernetes za ta jira daƙiƙa 300 kafin ta tayar da ayyukanta a wani wuri, kuma wannan jinkirin na mintuna biyar shi ne dalilin da ya sa duk manhajar da jama'a ke dogaro da ita ya kamata ta sami kwafi biyu ko uku tun farko. Bayan haka a kashe duka ukun a lokaci ɗaya a kunna su, a ga ko gungun zai haɗa kansa ba tare da an sa masa hannu ba. A ganina gungun da bai ci wannan jarrabawa ba bai cancanci a ɗora masa shafin rajistar ɗalibai ba, komai kyawun yadda aka saka shi.

Wannan gwajin ne kuma zai tona asirin ma'ajiya. K3s na zuwa da tsarin local-path, wanda ke ajiye bayanan manhaja a faifan na'urar da ta fara sauka a kai, don haka idan na'urar ta mutu, kundin bayanan ba zai iya ƙaura ba. Longhorn, wani aikin na CNCF, yana kwafa bayanan a kan na'urori uku, amma yana cin ƙwaƙwalwa kuma yana son kebul mai gudun gigabit. Ko an saka shi, ajiyar ko-ta-kwana na nan a matsayin wajibi. K3s na ɗaukar kwafin etcd kowane awa 12 ta riƙe biyar na ƙarshe a /var/lib/rancher/k3s/server/db/snapshots, sai dai wannan kwafin tsarin gungun ne kawai, babu sunayen ɗalibai ko lissafin buhunan taki a cikinsa. Waɗannan sai an fitar da su dabam daga manhajar kundin bayanan da ke riƙe da su, irin su PostgreSQL ko MySQL, a kwafa su tare da na etcd zuwa faifan da ke kwana a wani gini.

Kubernetes na fitar da sabuwar siga sau uku a shekara, kowacce kuma ana kula da ita kimanin watanni 14, saboda haka a tsara sabuntawa aƙalla sau biyu a shekara, ana hawa siga ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsallake ba. A kwashe ayyukan na'ura ɗaya da `kubectl drain`, a sauya fayil ɗin k3s da ƙunshinsa, a sake kunna ta, a mayar da ita aiki da `kubectl uncordon`, sannan a wuce ta gaba. Sake kunnawar na kuma sabunta takardun shaidar gungun idan wa'adinsu na shekara guda ya kusa cika. A zaɓi lokacin hutun makaranta ko bayan an gama rabon kayan noman rani, kuma a tabbata mutum biyu a wurin sun iya wannan aiki.