Yadda Ake Aiki da Zarton Tebur Ba Tare da An Rasa Yatsa Ba

Faifan zarto mai faɗin inci 10 yana juyawa sau 3,000 zuwa 4,000 a minti ɗaya. Kafin mutum ya ji zafi, yatsa ya riga ya tafi. Sau da yawa kuma ba kafinta ne ke kai hannu kan haƙora ba, katako ne ke yin harbi ya fizgi hannun. Don haka rabin kariya yana wajen hana harbin nan.

Yadda yake faruwa kuwa: haƙoran bayan faifai sama suke tasowa. Idan tsagar da zarto ya yi a jikin katako ta matse faifan, ko falankin ya karkace ya taɓa haƙoran nan, sai su ɗauke shi su wurgo wa mai aiki, hannun da ke danne da shi ya zame kan zarto.

Da farko ka zare wayar injin daga soket, kashe makunni kawai bai isa ba. Duba faifan: wanda ya dakushe ko ya yi danƙon katako yana sa ka tura da ƙarfi, ƙarfin nan kuwa shi ke kai hannu gaba idan katako ya kuɓuce. Sannan ka duba wuƙar ƙarfen da ke tsaye bayan faifai, mai hana tsaga rufewa. Ta daidaita da faifan sak, tazararsu kada ta wuce milimita 8, kaurinta ya fi na jikin faifan amma kada ya kai faɗin tsagar. Masu cire ta don wai tana rage sauri, ganganci suke yi. Murfin da ke rufe saman faifai ma, in an cire shi, a mayar da shi.

Ɗaga faifan ya zarce kaurin katako da milimita 3 zuwa 6. Shingen da katako ke bi ya yi layi ɗaya da faifan. Idan bayansa ya karkato ciki, zai matse katako a kan haƙoran baya. Falanki mai ƙusa, ko wanda ya murɗe, ko marar miƙaƙƙen gefe, a ajiye shi sai an gyara.

Wajen yanka, tsaya ta gefe kaɗan, kada cikinka ya saitu da faifan. Bari injin ya kai cikakken gudunsa. Idonka ya fi zama a inda katako ke gogar shinge. Da zarar hannu zai matso kusa da faifai da santimita 15, ko an zo santimita 30 na ƙarshen yanka, ɗauki sandar turawa mai tsawon santimita 45 da 'yar tsaga a bakinta. Tura katakon har ya wuce faifan gaba ɗaya. Dogon falanki yana buƙatar abin tallafi a bayan tebur, in ba haka ba zai rinjaya ya ɗaga.

Abu biyu ba a yin su ko kusa: yanka da hannu zalla ba madogara, da haɗa shinge da ma'aunin kusurwa (madogarar da ke zamewa a kan tebur tana tura katako) wajen yankan gicciye, domin guntun yakan maƙale tsakanin shinge da faifai. Safar hannu da hannun riga mai reto haƙora na kama su, don haka a guje su, amma tabarau da abin toshe kunne dole ne. Guntayen da suka taru kusa da faifai, a jira ya tsaya cak kafin a kwashe.

Akwai injinan kamfanin SawStop masu birki, da ke jin taɓawar fata su tsayar da faifai cikin kimanin miliseƙan 5, wato kashi 5 cikin dubu na daƙiƙa, sai dai birkin ba ya hana harbi.

Idan tsautsayi ya auku, danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Yatsan da ya guntule a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a garzaya asibiti da shi.