Yadda ake saba wa tsohuwar kyanwa yin bahaya a waje

Kyanwar da ta haura shekara goma ta riga ta zaɓi inda take tsugunawa, kuma tsawa ba ta sa ta canza wuri. Ko ta saba da bahon yashi a ɗaki, ko ta mai da bayan kujera masai, abin da ke aiki shi ne a tanadar mata wuri a waje wanda ya fi na ɗaki sauƙi da kwanciyar hankali, sannan a ja ta can sannu a hankali. A gidajen yanzu da aka shafe tsakar gida da siminti ko intalok, sau da yawa laifin ba nata ba ne. Ta fita ta zaga, babu ƙasar tonawa, sai ta dawo kan katifa ko sallaya. Abin kuwa yana damun masu gida, domin a wurin malaman Malikiyya fitsarinta da kashinta najasa ne, ko da yake ragowar ruwan da ta sha mai tsarki ne.

Mataki na farko: duba lafiyarta

Idan a da tana fita da kanta, sai kwanan nan ta fara yi a ɗaki, kada ka fara komai sai likitan dabbobi ya gan ta. Tsufa yana zuwa wa kyanwa da ciwon gaɓoɓi, kuma ba ta cika nuna shi da ɗingishi ba. Za ka dai ga ta daina hawa katanga, tana jinkiri kafin ta diro daga kan gado, gashin bayanta ya cukuikuye saboda ba ta iya lanƙwasawa ta lashe shi. Irin wannan ba za ta haura taga cikin dare don fitsari ba. Ciwon ƙoda da ciwon suga su ma suna yawa a tsofaffin kyanwoyi; alamarsu yawan shan ruwa da yawan fitsari da rama.

Muzurun da ke ta tsugunawa yana nishi fitsari ba ya fita, a kai shi asibitin dabbobi a ranar, domin toshewar mafitsara tana kashe shi cikin 'yan kwanaki. Kuma don Allah kada tausayi ya sa ka ba ta farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta.

Mataki na biyu: zaɓi wurin

Nan ne yawancin mutane ke kuskure, sai su zuba yashi can ƙarshen gida kusa da kejin kaji don kada wari ya dame su. Tsohuwar kyanwa ba za ta yi wannan tattaki ba. Nemi lungu kusa da ƙofar da take fita, jikin bango, inda za ta ga mai zuwa amma ita ba a fili take ba. Lokacin tsuguno shi ne lokacin da take jin ba ta da kariya, saboda haka idan muzurun maƙwabta yana zama a kan katanga yana kallon wurin, ko kare na ɗaure kusa, ko janareta na ruri a gefe, ba za ta je ba. Jera tukwanen fulawa biyu ko uku, ko ka kafa guntun zana ya kare ta. Wurin ya yi nesa da kwanon abincinta da na ruwa, da madafa, da bakin rijiya. Kada ya zama ƙarƙashin indararo. Idan babu rumfa, jingina fallen kwano ya tare ruwan damina da zafin rana, don yashin da rana ta gasa a watan Afrilu ko kai ba za ka taka shi ba takalmi.

Mataki na uku: shirya ƙasar

Idan akwai ƙasa, tona rami mai faɗin kamar rabin mita kowane gefe, zurfinsa santimita 20 zuwa 30. Zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, ka cika da yashi mai laushi da aka tankaɗe, a haɗa shi da 'yar ƙasar wurin. Yashin gini mai kaifi yana damun tafin ƙafar tsohuwa. Idan ko'ina siminti ne, yanka babbar jarka ko ka sami faffaɗan bahon roba, tsawonsa ya kai kamar ɗaya da rabin tsawon jikinta don ta iya juyawa. Huda ƙasansa, ka rage bakin gefe ɗaya ya yi ƙasa sosai yadda za ta shiga da tafiya, ba da tsalle ba.

Sai ka ɗebo ɗan yashin da ta riga ta yi fitsari a ciki ka barbaɗa a sabon wurin. Hanci ne jagoranta. Warin jikinta shi zai gaya mata wurin nata ne.

Mataki na huɗu: matsar da bahon ɗaki

Kada ka ɗauke shi rana ɗaya. Kullum ka ɗan ja shi taku ɗaya zuwa ƙofa. Idan ya iso bakin ƙofa, bar shi nan wasu kwanaki, sannan ya tsallake dokin ƙofa, sannan ya isa gefen sabon wurin. Duk ranar da ta koma yi a daɓen ɗaki, ka yi sauri ke nan, mai da shi inda yake jiya. Wata tana kamawa cikin mako biyu, wata sai ta fi wata guda. A cikin bahon kuma ka riƙa ƙara yashin waje kaɗan kaɗan idan da garin katako ko yashin kanti ta saba.

Kyanwa ta fi neman wuri bayan ta ci abinci ko ta tashi daga barci. A lokutan nan ka buɗe ƙofa ka fita tare da ita, ka tsaya nesa kaɗan, ka ɗan tona yashin da tsinke ta ji ƙararsa. Idan ta yi, ba ta guntun kifi ko nama nan take. Kada ka danne ta a cikin yashin ko ka kama ƙafarta kana tona mata. Duka da goga hancinta a kashi kuwa ba sa koya mata komai sai tsoronka, daga nan ta koma yi ƙarƙashin gado inda ba ka gani. Ta kuma sami hanyar fita a kowane lokaci: ƙofa a ɗan buɗe, ko rariya mai faɗi, ko ƙaramar kafa a ƙasan ƙyaure.

Mataki na biyar: kashe warin tsohon wuri

Muddin tana jin warin, za ta koma. Wanke wurin da omo da ruwan ɗumi, ɗauraye, shafa ruwan khal, ka bari ya bushe sarai. Guji duk abin wanki mai sinadarin amoniya, warinsa kamar na fitsari yake a hancinta. Dettol da Izal guba ne gare ta idan ta taka ta lashe. Bayan ya bushe, ajiye kwanon abincinta a wurin na ɗan lokaci, ba ta son yin bahaya inda take ci, ko ka rufe ɗakin gaba ɗaya.

Kula da sabon wurin

Kwashe kashi kullum da ƙaramin shebur, ka ƙulle a leda, ka wanke hannu da sabulu. Ƙwayar cutar tokzoplazma da ke cikin kashin kyanwa sai ta kwana ɗaya zuwa biyar kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kwashewar kullum take da muhimmanci, kuma mai juna biyu ta bar wa wani aikin don cutar tana illa ga ɗan tayi. Hana yara wasa da yashin, a riƙa ba kyanwar maganin tsutsar ciki bisa shawarar likita, a sauya yashin idan ya fara ɗoyi.

Ko ta saba sarai, bar mata ƙaramin baho a lungun baranda ko zaure don dare. Idan hunturu ya kankama ko ana tafka ruwa a watan Agusta, kyanwa mai shekara goma sha biyar ba za ta fita ba, kuma riƙe fitsari da kashi yana ƙara mata ciwon mafitsara da taurin bahaya.