Yadda za ka gane ko labarin ne ya karkata ko idonka

A 1985 Robert Vallone, Lee Ross da Mark Lepper na Jami'ar Stanford suka wallafa wani bincike. Sun nuna wa ɗalibai magoya bayan Isra'ila da magoya bayan Larabawa rahotannin talabijin iri ɗaya kan kisan kiyashin da aka yi wa Falasɗinawa a Sabra da Shatila da ke Beirut a 1982, amma kowane ɓangare ya tashi yana cewa shi aka danne. Ke nan jin an yi maka son kai ba hujja ba ne, sai ka auna.

Fara da musanya suna. Cire sunan jam'iyyarka daga kanun labarin, ka saka na abokan hamayya. In har yanzu kana ganin rashin adalci, akwai magana. In kuwa zuciyarka ta yi sanyi nan take, matsalar tana wajenka.

Sai ƙirga. Mutum nawa aka ji ta bakinsu daga kowane ɓangare, kuma a wane sakin layi? Wanda aka ajiye martaninsa a can ƙarshe kamar ba a ji shi ba ne, don masu karatu da yawa ba sa kaiwa can. Duba kalmomin aikatau ma: in wannan "ya bayyana" amma wancan "ya yi iƙirari", an riga an yanke hukunci a ɓoye. Inda ake yawan kuskure shi ne ɗaukar daidaiton adadi a matsayin adalci. In ɓangare ɗaya ya zo da takardun kotu, ɗayan kuma da zargi kawai, raba musu fili daidai shi kansa karkata ne.

Wajen tura labari ga wasu abin ya fi tsanani. Binciken jami'ar MIT ta Amurka na 2018 kan labarai kusan 126,000 a Twitter ya gano cewa yiwuwar a sake yaɗa labarin ƙarya ta fi ta na gaskiya da kashi 70 cikin 100. Labarin da ke tozarta waɗanda ba ka so kuwa shi yatsa ya fi saurin kai wa.

Kafin ka tura, buɗe labarin ka karanta har ƙarshe, ka duba kwanan wata, don tsohon hoto kan dawo lokacin zaɓe da sabon suna. Nemi labarin a kafofi 2 da ra'ayinsu ya saba. Abin da suka haɗu a kai shi za ka tura, tare da adireshin asalin shafin, ba hoton allo ba.