Kafin ka rubuta komai, duba abin da mutane ke nema

'Yan'uwa masu tallata kayan wasu don samun kamasho, kada ku bi kalma mai faɗi kamar "fanka". Manyan shaguna sun riga sun cinye wurin a sakamakon binciken Google. Ni a unguwar Nima ta Accra nake, kayan caji kawai nake tallatawa. Na rubuta "fanka mai caji" da Turanci a Google, na tsaya ban danna ba, na kwafe abin da ya cika mini da kansa: farashi a Gana, awa nawa batir yake yi. Mai tambayar farashi kuɗinsa na hannu, shi nake rubuta wa. A Google Trends kuma, shafin da ke nuna yawan neman kalma a lokaci daban-daban, ku zaɓi Gana, don masu nema sukan ƙaru lokacin zafi da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki.