Shanya ruwan sha a rana

Jama'a, in itace ko gawayi ya yi tsada, rana ma tana tsabtace ruwan sha.

Ku samu gorar roba fara, wadda ake ganin cikinta, kada ta wuce lita 2. Ku cire takardar jikinta, ku wanke, ku cika, ku rufe. Ku kwantar da ita a kan kwanon rufi awa 6. Haske da zafin rana ne ke kashe ƙwayoyin cutar gudawa da kwalara.

In da hadari ko hazo mai yawa, sai kwana 2. Ranar da ake sheƙa ruwa kuwa, tafasawa kawai.

Ruwa mai dauɗa, a tace tukuna, don laka tana tare haske. Gorar da ta koɗe, a canza ta.

Ban da ruwan da gubar dalma ko maganin feshi ya shiga, rana ba ta cire su.