Yadda za ka zaɓi ƙarfen da zai fasa ruwa a samu haidurojin

Ɗalibanmu na kimiyya a nan Katsina, ku matso ku ji. Ruwa ba ya rabuwa zuwa haidurojin da oksijin sai an ba shi wuta aƙalla bolt 1.23, a zahiri ma kullum sai an ƙara, to aikin katalis, wato ƙarfen da ake tsomawa cikin ruwan don ya sauƙaƙa rabuwar, shi ne ya rage wannan ƙarin da ke tafiya a banza.

Da farko ka duba yadda ƙarfen ke riƙe haidurojin, in ya damƙe shi gam ba zai bar shi ya fita ba, in kuma riƙon sakainar kashi ya yi mai ba zai ma zauna ba balle a yi aiki. Filatinam ne ya fi dacewa, sai dai wallahi akwai tsada, shi ya sa ake komawa nikel cikin ruwan alkali (wato kishiyar asid, irin ruwan kanwa), a gauraya shi da baƙin ƙarfe a ɓangaren da oksijin ke fitowa, wato na waya mai alamar tarawa, don nan ne aka fi shan wahala. Sannan a yi ƙarfen da huji-huji kamar soson wanka, ruwa ya samu wurin taɓawa da yawa.

Gwada da kanka, batir mai bolt 9, kofin gilas, ruwa da bekin soda, kar ka sa gishiri don Allah, iskar kulorin yake fitarwa mai guba. Sa bakin fensir a waya mai alamar tarawa, a ɗayar kuma ka riƙa canzawa, fensir, ƙusa, cokali, kana tsoma su cikin ruwan, kana kallon wanda ƙananan kumfa na haidurojin suka fi lulluɓewa. Buɗe taga, kuma ban da ashana kusa.