Yadda ake haɗa gidan da ake sarrafawa da waya a Kano, ba tare da ɗauke wuta ta watsa aikin ba

Yawancin masu shiga wannan harka a Kano ta wutsiya suke kama ta. Mutum ya ga bidiyo a Facebook ko TikTok, wani ya taɓa waya fitila ta kama, sai ya nufi Farm Centre ko France Road ya kwaso ƙwayayen fitila masu launi da kyamara biyu. Sati biyu ana nuna wa baƙi. Bayan wata guda ka leƙa gidan, ka tarar an koma danna makunnin bango kamar da, kayan suna cikin kwali a saman wadirob. Ba lalacewa suka yi ba. An ƙera su ne da tunanin garuruwan da wuta ba ta ƙiftawa, mu kuwa a wuni ɗaya gida sai ya sha wutar NEPA, ya koma inbata, a tayar da janareta, a sake dawowa. Wanda bai shirya wa wannan kai-komon ba, kuɗinsa ya zubar.

Rauta tukuna

Kada ka sayi ko soket ɗaya sai ka tabbatar rautar gidanka, wato na'urar da take raba waifai a gida, ba ta mutuwa idan an ɗauke wuta. In kana da inbata, a ja mata layi daga nan. In babu, akwai ƙaramin batir da ake yi musamman don rauta, yana ba da 9V ko 12V. Juya bayan rautar ka karanta abin da take ci kafin ka saya. Kuɗinsa bai kai na kyamara ɗaya ba, amma shi ne abin da mutane suka fi yi wa rowa.

Ƙaramar MiFi ta aljihu ba ta wannan aikin ba ce. Da yawansu na'ura goma suke ɗauka, kuma wayoyin mutanen gida sun cinye rabi tun kafin ka fara. Ga shi ranar da maigida ya sa ta a aljihu ya tafi kasuwa, gidan gaba ɗaya ya kurmance.

Sai batun zango. Kusan duk kayan nan masu araha waifai na 2.4GHz kaɗai suke ji, ba sa ganin 5GHz ko kaɗan. Sababbin rauta suna haɗe biyun a suna ɗaya, wayarka ta hau na 5GHz, ka yi ta ƙoƙarin haɗa soket yana ƙi, har ka koma shago ka ce an sayar maka da jabu. Shiga saitin rautar ka raba su, kowane da sunansa, ka hau na 2.4GHz lokacin haɗawa. Sunan da kalmar sirrin da ka zaɓa a ranar kuwa ka riƙe su, domin duk ranar da ka canza su sai ka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya ka sake haɗawa. Ko sabuwar rauta ka saya, sa mata tsohon suna da tsohuwar kalmar sirri, komai zai hau da kansa. A ajiye ta a tsakiyar gida, a sama. Bangon bulo da ƙofofin ƙarfe da dakin suna cinye sigina, shi ya sa wadda aka ɓoye a bayan talabijin ɗin falo ba ta kaiwa bakin get.

Kariya daga wuta mai ƙarfi

Wutarmu 230V ce a takarda. Yawancin waɗannan na'urori suna jure daga 100V zuwa 240V, saboda haka wuta mara ƙarfi ba ta cika kashe su ba. Mai kashe su ita ce wadda take dawowa da ƙarfi, da kuma tsawa da damina. Ka sa mai wayarin ya ɗaura maka na'urar kariya a akwatin wutar gida, irin mai nuna lamba, wadda take yankewa in wuta ta hau ko ta faɗi. Ni 250V nake saitawa a sama, 180V a ƙasa, da jinkirin minti 3 kafin ta saki wuta. Jinkirin nan firji da na'urar sanyaya ɗaki ma suna buƙatarsa, don kwamfuresa ba ta son a tashe ta nan take bayan ta tsaya.

In daga waje za ka yi odar kaya, duba abu biyu: kada ya zama na Amurka mai 110V, kuma filoginsa ya zama mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda muke amfani da shi.

Makunni za ka saya, ba ƙwan fitila ba

A nan ba na sassauci. Ƙwan fitila mai waifai sai da wuta a jikinsa kullum yake jin umarni. Da zarar Hajiya ko yaro ko mai aiki sun kashe makunnin bango, kamar yadda kowa ya saba tun yana ƙarami, ƙwan ya ɓace daga wayarka. Ba kuma za ka hana mutanen gida taɓa makunni ba. Makunni mai waifai kuwa ana danna shi da hannu, ana danna shi da waya, ko data ta ƙare yana aiki, kuma kowane ƙwai ka ɗaura ya yi.

Sai dai kafin ka saya, a kashe wuta daga akwati a buɗe makunni ɗaya a duba ko akwai wayar nutural a ramin, wato wadda wuta take komawa ta cikinta, don makunni mai waifai yana buƙatarta. Gidaje da yawa babu, wayar da take kawo wuta ce kawai da wadda take tafiya fitila. In babu, ko dai a jawo ta, ko a sa ƙaramin akwatin makunni mai waifai na kamfanin Sonoff ko Shelly a sama wajen fitilar inda nutural take. Akwai makunnan da aka ce ba sa buƙatarta, amma da ƙananan ƙwayayen LED sukan sa fitila ta riƙa ƙyaftawa bayan an kashe, sai an ƙara mata kafasita. In gini kake yanzu, gaya wa mai wayarin ya sauke nutural a kowane ramin makunni, ya kuma sa rami mai zurfi. Kuɗin 'yar waya ne yau, gobe kuwa fasa filasta ne.

Ka tsaya a manhaja ɗaya. Abin da ya cika kasuwa kayan Tuya ne, masu aiki da manhajar Smart Life, ko da wane suna aka buga a kwalin. Sonoff kuma eWeLink yake bi. Zaɓi ɗaya ka zauna a kai. Fara da abu uku: fitilar waje, fitilar falo, soket ɗaya.

Abin da zai faru idan wuta ta dawo

Nan ne aikin yake, nan ne kuma kusan kowa yake tsallakewa.

Wani gida da aka kira ni a Rijiyar Zaki, maigidan ya sa ƙwayaye masu waifai a duk ɗakunan kwana. Ƙarfe biyun dare aka kawo wuta, duk suka kama da cikakken haske a kan masu barci, jariri ya farka. Kafin a gama salati wutar ta yi ƙifce-ƙifcenta, ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo, sai ga ƙwayayen suna ta walƙiya kamar gidan biki. Dalili kuwa, yawancin ƙwayayen Tuya ana goge musu saiti ne ta hanyar kashewa da kunnawa sau uku a jere. Wutar ta yi musu hakan da kanta, suka manta da rautar gidan, suka koma jiran a sake haɗa su. Wanda yake wasa da hannun canjoba lokacin komawa janareta ma yana iya jawo irin wannan.

Kowane makunni ko soket na kirki yana da saitin da yake gaya masa yadda zai tashi in wuta ta dawo. A eWeLink sunansa Power-on State, a Smart Life yawanci Relay Status. Zaɓi uku ne: ya tashi a kunne, ya tashi a kashe, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. Wanda ba shi da wannan saitin, bar wa mai shago kayansa. Ka kuma bi na'urorinka ɗaya-ɗaya, kada ka yi musu kuɗin goro.

Fitilun ɗakin kwana, a kashe. Fanka, yadda take kafin a ɗauke, don mai barci cikin zafin Afrilu ba ya son tashi neman waya. Hita da duk abin da yake zafi, a kashe, babu ja-in-ja. Dutsen guga da risho na lantarki kuwa kada ma su kusanci soket ɗin da ake kunnawa daga nesa. Firji ni ba na sa shi a soket mai waifai. In ka nace don ganin wutar da yake sha, to ya tashi a kunne, in ba haka ba ka dawo daga tafiya ka tarar da naman layya ya lalace.

Fitilar waje ita ce mai rikici. Ka saita ta kama da faɗuwar rana. Aka ɗauke wuta da la'asar, aka dawo da ita bayan isha'i. Umarnin kunnawa ya zo lokacin makunnin yana mace, ya wuce, ba kuma zai dawo ba. In ka bar shi a kan ya koma yadda yake, a kashe yake, gidan zai kwana cikin duhu kana ganin ka yi tsaro. Hanya mafi sauƙi ita ce fitilun waje da makunninsu su hau layin inbata. In babu hali, maimaita umarnin: da magariba, da 8, da 10, da 12 na dare, haka nan na kashewa da safe, sau biyu ko uku. Gaskiya ma, in fitilar katanga ce kawai damuwarka, ɗan fotosel mai jin hasken rana ya fi duk wannan arha, kuma bai san data ba.

Wani abin kuma, na'urorin nan ba su da agogon da yake tafiya in babu wuta. Daga intanet suke karɓar lokaci duk sanda suka tashi. In wuta ta dawo data ta ƙare, jadawalin da ka tsara ba zai gudana ba. Su cikin 'yan daƙiƙoƙi suke tashi, rauta kuwa sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu, marasa ingancin cikinsu su nema su rasa su haƙura. Dalilin da ya sa na ce rauta ta zauna a kan batir ke nan.

Kada ka jira dare ya gwada maka. Da rana tsaka je ka akwatin wuta ka sauke babbar bireka, jira minti biyar, ka mayar, ka zagaya gidan da waya a hannu kana duba me ya kama, me ya ƙi dawowa. Sake yi da janareta. Sake yi bayan ka zare layin data daga rauta.

Famfo da kaya masu nauyi

Ƙaramin Sonoff 10A aka rubuta masa, wato wajen wat 2,300, sai mutum ya lissafa ya ga sumo ɗinsa, wato famfon rijiyar burtsatse, bai kai haka ba ya ɗaura kai tsaye. Injin famfo yana jan ninkin-ba-ninkin abin da aka rubuta masa a lokacin tashi, a hankali bakin makunnin ya ƙone ko ya manne a kunne. A sa kwantakta, wato babban makunni na kaya masu nauyi: makunnin ya ja kwantakta, ita ta ɗauki nauyin. Wannan aikin mai wayarin ne, ba na koyo ba. A tanki a sa fulot mai yanke wuta in ruwa ya cika, a manhaja kuma a saita famfon ya kashe kansa bayan mintunan da ka san tankinka yake cika. Ya tashi a kashe in wuta ta dawo.

Na'urar sanyaya ɗaki ba ta buƙatar a taɓa wayarinta. Ɗan akwatin Broadlink da yake kwaikwayon rimot ya isa, a ajiye shi inda yake kallonta.

Tsara sauran

Wannan ɓangaren ba wuya. Sa wa manhaja wurin da kake don ta san Kano ce, ka ɗaura fitilu a kan faɗuwar rana maimakon ƙarfe kaza, don tsakanin Nuwamba da Yuli magariba tana matsawa kusan awa guda. Fitilar tsakar gida da ta wurin alwala su kama kafin kiran assalatu. Soket mai auna wuta yana da amfani ga wanda yake Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta kuma ya fi biyan kuɗi, wanda a Afrilun 2024 aka kai masa kuɗin yunit naira 225. Wata guda da shi za ka gane wane kaya ne yake cinye maka kati.

Na'urar jin motsi zafin jiki take bambancewa da na wuri, saboda haka a bazara, in gari ya haura digiri 40, takan yi nauyin ji, da daddare kuma kyanwa ta tashe ta. A corridor na cikin gida da banɗaki ta fi amfani. Ta waje a duba mai IP65, wato alamar tana jure ƙura da ruwa, a riƙa goge ta da gilashin kyamara lokacin hunturu.

Kyamara ta kalli get da zaure da wurin ajiye mota. Ba a sa ta inda iyali suke sakewa, ba a kuma karkata ta tana leƙen gidan maƙwabci. Canza kalmar sirrin da ta zo da ita a ranar farko, sa mata katin ajiya don kada ta shanye data. Uwargida a tura mata izini ta manhajarta, kada a raba kalmar sirri ɗaya har da yara. Makullin ƙofa mai yatsa ya zama yana da ɗan mukulli na hannu, a ajiye ɗaya a wajen gidan.

Alexa, na'urar Amazon da ake ba umarni da murya, ba ta jin Hausa, don haka kada ka sayo ta saboda tsofaffi. In na'urorinka sun haura goma sha biyar, koma Zigbee, wata hanyar haɗa na'urori ba ta waifai ba, da 'yar cibiyarta don rauta ta huta, cibiyar ma a kan batir. Mai son komai ya gudana a cikin gida ko babu intanet sai ya koyi manhajar Home Assistant a kan 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfuta, amma bayan abu ukun farko sun yi wata guda ba su ba shi ciwon kai ba. In kuma ka ga tambarin Matter a kwali, tsarin da aka fitar a 2022 don kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare, kuma bambancin kuɗin ba yawa, ɗauki shi.